Ranar da aka tsayar da Harun gaban lakwal

Bengu

Ƙanena Hamidu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka dawo daga Japon lafiya, ka tarar da iyali lafiya. Harun ne ya hana ni barci. Da ya zo hutu ya faɗa min yana shan ƙwayar tramol. Ya fara ne wajen dashen shinkafa, da manya suka ba shi don kada ya gaji, yanzu in bai sha ba jikinsa rawa yake. Yana kuka ya ce yana so ya bari. Ni na ce ya gaya maka, kai ne kawunsa, kai ne mushensa mai koya masa a lakwal, a gidanka yake kwana. Ka kai shi likita a ɓoye, ko babansa bai sani ba.

Allah ya bar zumunci.
Yayarka Hawa

Gaya

Yaya Hawa,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Yaron ya gaya min komai, kuma na ɗauki mataki. A makarantun da aka zagaya da mu a Japon, tun yara na ƙanana ake koya musu ƙin ƙwaya, ba a wasa da ita. Da na dawo na shirya irin wannan taro a lakwal ɗinmu, har baƙi suka zo daga Doso. Can Japon hotuna na ga ana nunawa. Ni na ga mutum mai rai zai fi shiga zuciya, sai na kira Harun gaba, na sa ya miƙa hannuwa kowa ya ga yadda suke karkarwa. Na ce musu, "Wannan ɗan yayata ne, ban ɓoye shi ba." An yi tafi sosai. Wata rana zai gode min.

Ki huta lafiya.
Hamidu

Bengu

Hamidu,

Ina gaishe ka don Allah ya ce a gaisa. Labarin ya riga wasiƙarka isowa. A bakin masu kabu-kabu babansa ya ji, a tsakiyar kasuwa. Matarka ta ce tun ranar yara ke bin Harun suna kaɗa hannu suna kiransa Tramol, kai kuma ka ware masa kwanon cin abinci don kada ya lalata maka 'ya'ya. Yanzu ba ya gidanka, ba ya gidana. Wani masunci ya gan shi ya haye gadar kan iyaka zuwa Malanbil, ba takalmi. Na bi shi can, na zaga tashar manyan motoci ina tambaya, har wani ya ce ai irinsu da yawa, wanne ne nawa. Likita na roƙe ka, Hamidu.

Hawa

Gaya

Yaya Hawa,

Gaisuwa da ban haƙuri. Na ji ba daɗi, amma gudun da ya yi ya nuna tun farko bai yi niyyar bari ba. An gayyace ni Doso in yi wa malamai bayani. Ki aiko min hotonsa na shekarar da ya ci jarrabawa, in nuna musu yadda yake kafin ya lalace.

Ƙanenki Hamidu

Bengu

Hamidu,

An tsinci gawarsa bayan tasha, jiya muka rufe shi. Ba zan ba ka hoton ba. Kada ka zo gaisuwa.

Hawa