Mijin Rahmat Makaɗi Ne

Bin Mahmud, Doha
20 ga Mayu, 2007

Yaya Safiyyatu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar taki, ya mutanen Funtua gaba ɗaya? Ki yi haƙuri da rubutun nan, da yatsa ɗaya nake danna kwamfutar Rahmat, ita ta nuna mini inda zan taɓa. Ke da kika shekara talatin kina koyarwa kar ki tsaya yi mini gyara, ki karanta kawai.

Mai jego lafiya lau, jaririya Haulat ma haka, sai tsotso. Wanka dai muna yi yadda ya samu. Ba itace ba tukunya, wani tulun lantarki ne manne a bango, in tara a bokiti in zuba darbejiyar da na zo da ita. Rahmat sai mita take wai ita nas ce, ruwan ya yi zafi. Na ce nas ɗin ma da irin ruwan nan na yi jegonta.

To ga abin da ya zaunar da ni. Yaya, an rufe mu. Kin tuna da aka zo neman auren Rahmat aka ce mana Idirisu mutumin Filifin ne, shekararsa biyar da musulunta, gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi a dogayen benayen nan na West Bay? Duk gaskiya ne. Abin da ba a faɗa mana ba, mutumin makaɗi ne. Ganga, Yaya!

Shekaranjiya ya raka ni kanti sayen citta. Yarinyar da ke kan injin kuɗi 'yar ƙasarsu ce, tana ɗaga kai ta gan shi sai ta dafe baki ta fashe da kuka, tana "Kuya Efren! Kuya Efren!" Nan da nan masu shara da masu jera kaya suka yanyame mu, wannan ya miƙo takarda a sa masa hannu, wancan ya miƙo hular kansa. Ni ina tsaye da ledar citta kamar an dasa ni.

Muna dawowa na tsare Rahmat. Ta ce Efren sunansa ne na da, kuya kuma yaya ke nan a yarensu. Wai su huɗu ne suka yi ƙungiyar kiɗan jita a Manila, babban birnin ƙasarsu, sunan ya fi ƙarfin bakina, ta ce ma'anarsa Motar Ƙarshe. Wai kusan shekara goma duk ƙasar waƙarsu ake ji, har yau yaron da ya ɗauki jita da tasu yake fara koyo. Suka yi faɗa suka watse. Mai waƙar, Rodel, shi ya kwashe sunan, yanzu shirin talabijin gare shi. Mai jita ɗaya yana Kanada yana koya wa 'ya'yan Turawa. Ɗayan ya buɗe gidan abinci ya rufe, yanzu dillancin gidaje yake. Namu kuma ga shi a Doha yana hawa tsani.

Na ce, "Kin sani kika ɓoye?" Ta ce, "Mama, da na faɗa ai Baffa Gado ba zai ɗaura ba." Na ce to shi ya sa nake tambayarki. 'Yar Malam Muttaka, Allah ya jiƙansa, jikar liman, a ɗakin makaɗi! Mu da ko a bikin gidanmu daga ƙofa makaɗa suke tsayawa.

Abu ɗaya ya hana ni haɗa kayana. Sun yi mini alkawari ƙarshen shekarar nan in aikin Rahmat ya ƙare za su dawo gida, ya buɗe shagon gyara a Kaduna. Ita kaɗai gare ni mace, kin sani. So nake in ga Haulat tana rarrafe a tsakar gidana.

Kar ki faɗa wa kowa. Ki gaida Baffa.

Ƙanwarki,
Atine


Funtua
26 ga Mayu, 2007

Zuwa ga ƙanwata Atine,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na samu saƙonki, na kuma karanta shi sau biyu. Ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi.

Zan yi miki tambayoyi uku, ki amsa wa kanki, ba sai kin amsa mini ba. Yana salla? Yana ciyar da ita? Kin taɓa jin ya ɗaga mata murya? Ke da bakinki kika gaya mini a waya cewa shi yake wanke kayan jaririya kafin ya fita aiki.

Ban ce ɓoyewar da Rahmat ta yi daidai ba ce, kuma na san abin da za a faɗa a nan idan maganar ta fito. Amma mutumin ya ajiye gangarsa shekaru da yawa. Ki bar ta a ajiye. Na san halinki tun kina goye a bayana: idan ranki ya ɓaci ba kya faɗa da baki, sai ki yi abin da kowa zai gani. Ki gama arba'in ɗinki lafiya, ki dawo, su biyo ki a Disamba.

Ban gaya wa kowa ba. Ki shafa mini kan Haulat.

Yayarki,
Safiyyatu


Bin Mahmud, Doha
17 ga Yuni, 2007

Yaya,

Salamu alaikum, ya gida. Kin ce in bar ganga a ajiye, to ba ni na ɗauko ta ba.

Rodel ɗin nan ya zo Doha. Har gidan nan ya zo, da baƙin tabarau a cikin ɗaki, yana ƙamshi kamar an fasa kwalba. Suka zauna suna yarensu suna dariya, can sai na ga idon Idirisu ya kawo ruwa, yana buga cokali biyu a gwiwa bai ma san yana yi ba. Na tambayi Rahmat me ake ƙullawa. Ta ce so ake su huɗun su sake haɗuwa a Manila, a yi babban wasa, a zagaya ƙasa, a koma aiki kamar da. Na ce Kaduna fa? Ta ce, "Mama, ki bari ya yi magana da kansa." Bai yi ba. Ni kuma zan tsare suruki da tambaya ne?

Mun yi arba'in ran Laraba. Ran Juma'a ake bikin 'yancin ƙasarsu a wani babban zaure a Rayyan, Rahmat ta ce yawon arba'in ɗinmu ke nan, dangin da yake da su a nan su ne waɗannan mutanen. Bayan an sauko masallaci muka tafi.

A ƙofa wa zan gani cikin kayan masu gadi? Haliru, wani ɗan Gusau da yake kawo mana gero. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya nuna hoton Idirisu da aka manna a bango yana murmushi, ya ce, "Hajiya, ashe surukinmu sarkin kiɗa ne? Yau sai mun ga rawarki." Shi wasa yake yi. Ni kuwa kamar ya watsa mini ruwan barkono. Yaron nan yana da waya, yana da uwa a Gusau, ƙanwarsa kuma tana aure a Funtua.

Ciki mutum ya fi dubu. 'Yan aikin gida, direbobi, nas-nas, masu aikin gini. Rodel ya kira Idirisu, ya hau ya zauna a bayan ganguna sun fi shida da fayafayan ƙarfe. Ba zan yi miki ƙarya ba, ya iya. Mutumin da ko tari ba ya yi da ƙarfi a gabana, sai ga shi kamar wani daban. Yana fara bugu zauren ya ɗauka, kowa ya san waƙar. Wata dattijuwa kusa da ni tana yi tana kuka, ta riƙe hoton 'ya'yanta. Na juya na ga Rahmat, Haulat a kafaɗa, bakinta yana bin waƙar. Ta haddace, Yaya. 'Yata.

Sai na ce a raina bari in nuna mata abin da ta aura, ta gani da idonta, ko kunya ta sa ta ja shi Kaduna. Na buɗe jaka na zaro 'yan riyal ɗai-ɗai, mafi ƙanƙanta, na ratsa mutane na hau dandamalin. Goshinsa duk gumi. Na liƙa masa ɗaya, na liƙa biyu, na ci gaba, yadda ake yi wa maroƙi a ƙofar gidan biki. Na yi shi a hankali don Haliru ma ya gani.

Ya tsaya da kiɗan. Na ce yauwa, ya ji a jikinsa. Sai mutumin nan ya miƙe, ya sunkuya, ya kama hannuna, hannuna ni surukarsa, ya ɗora a goshinsa yana hawaye. Zauren ya kaure da ihu da tafi. Rodel yana faɗa a lasifika, "Mama! Mama!" Mata suka yi ta rungume ni ina saukowa, ban san me suke murna a kai ba.

A mota Rahmat ta juya mini ƙeya. Har yau daga "ga abinci" sai "khalas, shi ke nan, Mama, bar shi". Shi kuwa sai rawar jiki yake, jiya har turare ya sayo mini. Ni dai na yi abin da na yi, kuma ta gane. Ran Asabar jirgina zai tashi.

Atine


Funtua
19 ga Yuni, 2007

Atine,

Wa alaikis salam. Na karanta. Ba ni da abin da zan ce da zai amfane ki yanzu, sai dai wannan: kwana huɗu suka rage miki a gidan. Ki shiga ɗakin 'yarki ki rufe ƙofa ki ba ta haƙuri, ba a gaban kowa ba. Idan girman kai ya hana ki, to Allah ya kawo ki lafiya. Zan sa a share miki ɗaki.

Yayarki,
Safiyyatu


Doha
22 ga Yuli, 2007

Mama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin huta gajiyar hanya. Na aiko ta adireshin Inna Safiyyatu don na kasa faɗa a waya.

Ba za mu zo Kaduna ba. Ranar tara ga Satumba za mu tafi Manila, na riga na ajiye takardar barin aiki.

Akwai abin da ba ki sani ba. Idris ya ce wa Rodel a'a har sau biyu, na biyun a gabanki, ranar da kika ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ya yi wa uwar matarsa alkawari, kuma ya san ba kya son kiɗa. Wasan Rayyan na bankwana ne. Ya so ya gaya miki da kansa ranar da zai kai ki filin jirgi, har ya sa na koya masa yadda zai faɗa da Hausa.

A wurinsu, ranar aure ne dangi suke maƙala wa ango da amarya kuɗi a jiki, alamar sun karɓe su. Hannunki da ya ɗora a goshi kuma, haka suke karɓar albarkar iyaye. Bai san liƙi ba, Mama. Abin da ya gani shi ne surukarsa, wadda ko kallonsa ba ta yi, ta ratsa mutum dubu ta zo ta sa wa kiɗansa albarka. Washegari ya kira Rodel ya ce Mama ta yarda.

Ni na san abin da kike nufi. Haliru ma ya sani, tun ranar bai ƙara iya haɗa ido da ni ba. Kalma ɗaya zan faɗa wa Idris ya fasa tafiyar, kuma na buɗe baki zan faɗa. Sai na tuna, idan ke da kika ci abincin hannunsa wata biyu za ki yi masa haka a gaban mutanensa, me za a yi masa a zauren Baffa Gado? Da wane suna za a riƙa kiran Haulat a unguwa? Sai na fasa faɗa. Shawarar tawa ce, kar ki ɗora masa.

Kullum sai ya ce in gaishe ki. Yana gaya wa kowa ke kika mayar da shi gida. Idan kina so ya san gaskiya, ki faɗa, zan gaya masa da sunanki.

Ki yafe mini ɓoyewar farko. Ita kam laifina ce.

'Yarki,
Rahmat


Funtua
25 ga Yuli, 2007

Rahmat,

Wa alaikis salam. Na gani. Yaya ta karanta mini, na karɓa na sake karantawa da kaina.

Kar ki gaya masa.

Ban ce na yafe ba, ban ma san wa zan fara yafe wa ba. Baffanki na ce masa aiki ne ya mayar da ku can, ki riƙe haka in ya kira.

Ki dinga yi wa Haulat Hausa ko da ku biyu ne kawai a ɗaki. Ran da ta fara magana kuka kira ni, ina so in gane abin da take ce mini.

Allah ya kai ku lafiya.

Mamanki