Takardar da Sauda Ta Ɓoye

Goronyo

Zuwa ga Sa'adiyya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya Rabah? Mu muna lahiya, an shiga cirar albasa.

To 'yar boko, sannu da ƙoƙari. Tun da kinka zo hutu da littafin nan na Malama Kaltume mai bayanin jikin mace, ƙanwata Ma'u ba ta ƙara tambayata komi ba. Ni na goye ta. Ni na nuna mata yadda za ta yi ranar da ta fara al'ada. Yanzu ba ta da zance sai "Sa'adiyya ta ce". Har takarda ta rubuta miki, ta liƙe da ƙaro don kar in gani. Mi ke ciki? Kishi nake, ba ni ɓoyewa. Ke ɗiyar kawunmu ce, ni kuwa nono ɗaya munka sha da ita.

Ki gai da malamarki mai sanin komi.

Taki,
Sauda

Rabah

Zuwa ga 'yar'uwata Sauda,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa yana lafiya. Ba ƙwace miki ƙanwa nake ba. Abin da Ma'u ta rubuta amana ce, sai dai ki ji daga bakinta. Ga amsarta nan na haɗa da taki a hannun Inna Mairo mai kawo albasa kasuwa. Don Allah ki miƙa mata yau ɗin nan, kada ta kwana.

Ki huta lafiya.
Sa'adiyya

Goronyo

Sa'adiyya,

Gaisuwa. Ban miƙa ba. Na cusa ta ƙarƙashin buhun shinkafa, kwana tara, ina jiran Ma'u ta gaji ta zo wurina.

Ba ta zo ba. Ran Laraba ta sha jiƙon dogonyaro da kanwa har ta faɗi tana amai, anka kai ta asibiti. Can ta gaya wa nas wai ciki gare ta. Ashe ta zame ta faɗa cikin kanal ɗin ban-ruwa wajen wankin albasa, ƙasa da inda samari ke iyo, sai al'adarta ta yi jinkiri. Ni na taɓa gaya mata ruwan da maza sunka yi wanka ciki yana sa ciki. Haka ƙawata Hauwa'u ta gaya muna wurin wanki, kuma wallahi na yarda, shekara uku ban sa ƙafa wurin ba.

Nas ta duba ta ce ba komi. Na dawo na buɗe takardarki, na iske abin da nas ta faɗi ne kinka rubuta: ruwa ba ya sa ciki, jinkiri kuma a shekarun farko ba abin tsoro ba ne. Layi huɗu kacal, Sa'adiyya.

Na gaya wa Ma'u gaskiya. An kai ta Wurno wurin Kaka ta huta. Ke take ji, ki roƙe ta ta rubuto min.

Sauda

Wurno

Yaya Sauda,

Ina gaisuwa. Na warke, Kaka tana ɗura min fura. Ba ni hushi da ke.

Ina da wata tambaya, amma na ba Inna Mairo ta kai Rabah da hannunta.

Ƙanwarki,
Ma'u