Safar Hannun Zorka

Podgaj, farkon Satumba

Zuwa ga surukina Lovre, matuƙin jirgin ruwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen jirginka da duk masu warin kifi na tsibirinku.

Zorka ta dawo daga makarantar aikin jirgin ruwa ta Split da takardar shaidarta. Ta ce an koya musu kashe gobara da taimakon wanda ya ji rauni, an kuma sa musu rigar ceto an tura su ruwa ɗaya bayan ɗaya kamar tumakin da za a yi wa wankan kaska. Abin da ya rage, in ji ta, shi ne ta yi watanni a jirgi na gaske, matuƙi ya sa mata hannu a takarda, sannan a kira ta ma'aikaciyar jirgi. Da ta ce kai ne ka yarda ka ɗauke ta, sai da na fita garke na tsaya ni kaɗai. Ka san ban iya godiya ba, don ban saba karɓa ba. Amma na gode. Da ƙanwarka tana raye, da ta fi ni iya faɗa.

Ba zan ɓoye maka ba, ban so mata wannan aiki ba. Ni da na fara da ɗan maraƙi guda wanda na raina da kwalba, sakandaren ma da kyar na fito, yau ga garke, ga shagon nama a Sinj, ga bijimai da ake tasowa daga nesa don kallon karonsu. Duk nata ne. Amma jinin uwarta ya ja ta teku, ta fi son ɗaukar siminti da tukwanen gas daga tsibiri zuwa tsibiri. To.

Abu ɗaya nake so ka sani, ba ragguwa na ba ka ba. Tun tana ƙarama take jan bijimi. Na koya mata yadda ubana ya koya mini: ka naɗe igiya a hannu, ka kafa diddige, ko zai ja ka a kan duwatsu kada ka saki. A gidanmu ba a sakin igiya. Za ka ga amfanin wannan.

Ga cuku da busasshen ɓaure na aiko. Ka ci abincin mutane ko sau ɗaya.

Surukinka,
Jerko

*

Daga jirgi, tsakiyar Oktoba

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya garke, yaya ƙafar bijiminmu Garonja? Kada ka sa shi karo bana sai ta warke.

Ina lafiya. Amai ya bar ni tun mako na biyu. Aikina wanke benen jirgi, kankare tsatsa, shafa fenti, sai kuma igiya idan za mu tsaya a tasha. Akwai wani dattijo mai kula da inji, Roko, ba ya kirana da sunana, sai "'yar shanu". Kullum sai ya tambaye ni ko na tatsi jirgin da safe. Na ce masa da na tatsa da ya fi injinsa ba da amfani. Tun ranar yake ajiye mini kan kifi, wai shi ne rabon manya.

Kawu Lovre a gida daban, a jirgi daban. Ba ya yabo. Komai nawa ya karɓa, ban da hannuna. Da zarar na kama igiya sai hannun ya naɗe ta da kansa, ban ma san na yi ba, sai dai in ji ya buga mini hularsa a bayan hannu. Ya ce igiyar jirgi a turken ƙarfe ake naɗa ta, ba a jikin mutum ba, kuma ranar da ya ce in saki, in saki. Na gaya masa abin da ka koya mini. Sai ya tambaye ni nauyin Garonja. Na faɗa. Ya ce jirgin nan da kayansa ya fi duk shanun Sinj a haɗe, kuma ba ya gajiya.

Ya ce muddin hannun nan bai daina ba, ba zai sa mini hannu a takarda ba. Ina ƙoƙari, Baba. Kada ka ji haushinsa.

'Yarka,
Zorka

*

Podgaj, ƙarshen Nuwamba

Lovre,

Gaisuwa. Wannan karon ba zan tsawaita ba.

Mijo direba, wanda ke kai siminti tasha, ya shigo gidan shan kofi jiya da labari. Ya ce yana tsaye da idonsa ya ga jirginku zai tsaya, an ba Zorka igiyar baya, ta sake ta, igiyar ta faɗa ruwa, jirgin ya juya ya goga jikinsa da bangon tasha har fenti ya zube. Ya ce ya ji kana ta ihu, ita kuma ta zauna a bene ta rufe fuska. Ya maimaita labarin karo na biyu don waɗanda suka shigo daga baya. Wani ya ce ashe 'yar Jerko ma tana saki. Na ajiye kofina da rabi na fito.

Ban ga laifinka ba, ka yi abin da ɗan'uwa ke yi. Amma ka yi wata biyu kana dukan hannun da na gina, ga abin da ya haifar. Yarinyar da bijimi bai taɓa ƙwace wa igiya ba. Ba zan bar ta tana ɓata maka jirgi tana zama abin dariya a tasha ba. Ranar Asabar zan zo da mota in ɗauke ta. Garke yana jiranta, a nan aƙalla ta san abin da take yi.

Na gode da ɗawainiyar da ka yi.

Jerko

*

Vis, ranar Talata

Surukina mai shanu,

Na samu takardarka, ina amsa gaisuwa. Kafin ka ci gaba da karatu, buɗe ƙunshin da na haɗo.

Safar hannun Zorka ce, ta dama. Ka dube ta da kyau.

Mijo ya ga abin da ya gani, daga inda direba ke tsayawa. Ga sauran. Muna shiga tasha iskar nan mai ƙarfi da ake kira bura ta sauko daga dutse lokaci guda, ka san yadda take yi, ba ta sallama. Ta bugi bayan jirgi ta tura shi waje. Igiyar da ke hannun Zorka ta fara gudu. Na leƙo daga ɗakin tuƙi na ga hannun nan ya riga ya naɗe ta sau ɗaya, ta kuma kafa diddige, sak kamar kai a filin karo. Ihun da Mijo ya ji kalma ɗaya ce. Na ce, "Saki!"

Ta saki, Jerko. Ta buɗe hannu, igiyar ta zare safar ta wuce da ita ta ramin ƙarfen da take bi. Roko ne ya tsamo safar daga baya. Inda ka ga yatsun safar sun guntule, nan yatsun 'yarka suke kafin ƙiftawar ido.

Na yi shekaru a teku, na san maza ƙarfafa da suka ji wannan kalma suka ƙara damƙewa. Ɗaya yana nan Vis, da hagu yake gaisawa. Riƙewa kowa ya iya. Wanda ya taso a kan kada ya saki, ya ji murya ya saki, shi nake bai wa jirgina. Da ta gama kuka ta miƙe da kanta ta ɗauko wata igiyar ta jefa, ta naɗa a turke, muka ɗaure. Wannan tashin kam aikinka ne, ban koya mata ba.

Fenti kuwa ita ta shafa washegari. Tun ranar hulata ba ta ƙara taɓa hannunta ba. Idan watanninta sun cika zan sa mata hannu. In ka zo Asabar ka ce sai ka tafi da ita, 'yarka ce, ba zan tare maka hanya ba.

Cukunka ya yi gishiri. Ka ƙaro.

Lovre

Baba, ni ce. Da hannun dama nake rubuta wannan, ka ga rubutun bai canza ba. Ina so in zauna. Zorka.

*

Podgaj, ranar Alhamis

Zuwa ga yayana Lovre,

Ina gaishe ka gaisuwar da ban taɓa yi wa kowa ba.

Na sa hannuna cikin safar. Yatsuna sun leƙo waje. Na daɗe a haka.

Da safe na kai ta gidan shan kofi na ajiye a gaban Mijo, na ce ya ba da labarin karo na uku. Bai iya ba, sai ni na bayar. Yanzu tana rataye a ƙofar garke, kusa da igiyoyin bijimai. Ban ce ubana ya koya mini kuskure ba. Bijimi daban, teku daban.

Ka mayar mini da hannun 'yata cikakke. Ban san abin da ake ba mutum a kan wannan ba, don haka zan kawo ɗan rago gasasshe, a ci da Roko.

Asabar ina nan zuwa, kuma ni kaɗai zan koma. Zan tsaya a bakin tasha. Ka ce wa Zorka ta jefo mini igiyar, kai kuma ka faɗa mini inda zan sa ta.

Ƙaninka mai godiya,
Jerko