Baba ya daina cin tuwo saboda kilo goma sha takwas

Wani ɗan uwa ne daga Suleja ya turo wannan, ya ce a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara dariya, don na san da kun ji farkon maganar za ku ce wani mai taɓin hankali ne ya samu data. Na saba, ba yau aka fara ba.

Ni mutumin Gusau ne, gyaran manyan janareto nake yi a Abuja, ina haya a Suleja ɗaki ɗaya, iyalina suna gida sai bayan wata biyu nake leƙa su. Duk wanda ya san rayuwar nan ya sani, ka fita da asuba ka bi go-slow, ka dawo a gajiye ka sayi shinkafa a leda, ka ci kai da bango. Shekara bakwai ke nan ina gina jirgin sama ƙarami mai kujera biyu a bayan wani shagon walda a Gauraka. E, jirgin sama. Mai shagon dattijo ne ɗan asalin garin nan, gidansu na unguwar Magajiya, zan kira shi Baba Ado ko da yake ba sunansa ba ne. Ranar da na fara nuna masa zanen, na shirya jin abin da kowa ke faɗa, sai ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Wannan bututun da ka zana ya yi kauri, Injiniya, jirgi za mu yi ko gadon ƙarfe?" Tun daga ranar duk Asabar da Lahadi muna tare. Kanikawan layin suna kiranmu mahaukata biyu, shi kuwa ya ce ai gara biyu, mahaukaci ɗaya shi ne abin tausayi. Duk garin nan ba ni da wanda nake zama da shi mu yi hira ta gaske sai shi.

Injin da muka sa ba irin na motocin da kuka sani ba ne, rotari ake ce masa, ba shi da fistin, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a ciki. A wurin 'yan gwangwan na samo shi, cikin wata motar tsere da ta yi hatsari. Ƙarami ne, ba nauyi, ga ƙarfi, shi ya sa masu gina jirgi a gida suke sonsa. Aibinsa zafi, hayaƙin da ke fita daga salansarsa sai ya mai da ƙarfe ja kamar garwashi. Kuma don ya ɗaga mu yana buƙatar tobo, wato wannan abin mai kamar dodon koɗi da hayaƙi ke juyawa, shi kuma ya cusa wa inji iska. A nan matsalar ta fara.

Tobo biyu muke da su. Ɗaya ƙarami, Baba ne ya ciro shi daga wata a-kori-kura mai shan gas, yana son abin nan kamar ɗan auta. Ɗayan babba, ni na nemo. Wani tsohon injiniyan jirage da ya yi ritaya, wanda yake duba mana aiki kuma yake nuna mana hanyar neman izinin hukuma, ya zo ya ga duka biyun. Ya ce ƙaramin an yi shi ne don hayaƙin gas mai sauƙin zafi, a kan rotari zai yi minti kaɗan yana daɗi, amma idan aka hau sama iska ta yi ƙaranci zai riƙa gudu fiye da ƙima cikin wannan wutar, wata rana fukafukansa na ciki su tarwatse, kuma a sama babu gefen titi da za ka faka. Babban shi ne daidai, sai dai yana zuwa da kayansa, lagireton sanyaya iska da bututai da garkuwar zafi, duk nauyi ne. Ya rubuta mana iyakar nauyin da fukafukanmu za su ɗauka, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Bayan tafiyarsa muka yi faɗa ni da Baba, faɗan da ba mu taɓa yi ba. Shi ya dage a sa ƙaramin a riƙa lallaɓa shi, wai ya shekara arba'in yana ganin ƙarfe cikin wuta, ya san wanda zai jure. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na ce masa walda daban, lissafi daban, ya tsaya a inda ya iya. A gaban mutane na faɗa. Sai ya rataye gilashin waldarsa ya tafi masallaci. Sai daga baya na gane ba tobo yake karewa ba, kujerarsa yake karewa, don ya riga ni yin lissafin a ka. Kwana tara da wannan hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta koma kalma ɗaya ɗaya. Ban samu na ba shi haƙuri yana da bakin da zai zage ni ba, wannan abin yana cina har yau.

Wata biyar ke nan yana kwance. Kullum Juma'a idan na taso aiki da wuri sai in wuce Magajiya in zauna gefen katifarsa in ba shi labarin inda aka kwana, in nuna masa hotuna a waya. Matarsa, Inna, ta ce ranar Juma'a kaɗai yake yarda a yi masa aski a sa masa riga mai kyau. Ni ma ba zan ɓoye muku ba, ranar kaɗai nake jin ni mutum ne. Asabar idan na je Gauraka ni kaɗai, sai in kama kaina ina cewa "Baba miƙo sifana mai lamba sha biyu," in juya ba kowa sai gilashin nan a ƙusa.

To ga kuskuren da na yi. Makonni shida da suka wuce na aro sikelin masu awon hatsi guda uku daga kasuwa, na ɗora jirgin a kai, ƙafa ɗaya sikeli ɗaya, da babban tobo da duk kayansa. Na haɗa nauyina, na haɗa mai, na haɗa nauyin Baba na da, kilo saba'in da huɗu, don mun taɓa hawa sikeli muna tsokanar juna. Lissafi ya haura layin da tsohon injiniyan ya ja da kilo goma sha takwas. Na rage mai iya abin da hankali zai ɗauka, na cire duk abin da zai ciru, sha takwas ɗin nan bayan an yi duk wannan ne. Kada wani ya ce ni in rage, ni dama ƙashi ne da fata. Da Juma'a ta zo, ina ta zuba kamar yadda na saba, sai na faɗi lambar a gabansa. Wallahi ban ɗauka komai ba ne, a raina ai maganar hawansa jirgi ta riga ta wuce, mutumin da sai an kama shi yake zama. Ya dube ni, ya ce, "Nawa?" Na ce sha takwas, Baba. Ya gyaɗa kai. Ashe baki shi ke yanka wuya.

Juma'ar da ta wuce Inna ta tare ni a zaure kafin in shiga. Tunda nake ban taɓa jin muryarta sama ba sai ranar. Ta ce tun zuwan nan nawa da na faɗi lambar Baba ya daina cin tuwon dare, da rana cokali uku ya kau da kai, kunun safe ma sai ya ga an rage. Sun zaci ciwon ne, sun kai shi asibiti, likita ya yi faɗa ya ce maganin da yake sha ba a shansa da yunwa, kuma jikin da ba ya ci ba ya warkewa. Sai da ta zauna tana kuka a gabansa sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna sama, ya ce mata, "Kujera." Ta ce ni na ɗaura wannan abin, ni zan kwance, ko in shiga in ce masa na fasa babban tobo na sa ƙaramin, nauyi ya daidaita, ya ci abincinsa, ko kuma in daina zuwa gidan gaba ɗaya. Na ce mata Baba ba yaro ba ne, hoto ɗaya zai gani ya gane wane tobo ne a jiki, kuma duk wanda ya zo dubiya daga Gauraka zai iya faɗa masa. Ta ce, "To ɗan nan, gaskiyarka za ta ba shi tuwo?"

Na shiga na same shi, wuyan rigar ya yi masa yawa. Amma jama'a idonsa, rabon da in ga idonsa da haske haka tun yana shago. Ya kama hannuna ya ɗora a kan cikinsa yana murmushi da rabin baki, yana nuna mini aikin da ya yi. Sai na yi ta surutun farfelar jirgin har na fito.

Yanzu gaba kura baya siyaki. In na yi masa ƙarya zai ci abinci, amma ranar da ya gane, na sake mai da shi wanda ba a yin lissafi da shi, karo na biyu ke nan. In na gaya masa gaskiya, cewa ko ya rage sha takwas ko talatin babu mai barin mara lafiya ya hau jirgin gwaji, ina tsoron in kashe abin da ya sa yake yarda a yi masa aski. In kuma na sa ƙaramin da gaske don maganata ta zama gaskiya, to na san abin da na ɗaura wa jirgin, kuma ina da 'ya'ya uku a Gusau. Har tunanin barin aikin na yi gaba ɗaya, in rufe shi da tampol, sai na ga ai shi ma wata hanyar ce ta ce masa ya gama. Matata da na kira ta ce in yi istihara, na yi, har yanzu zuciyata ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Wanda nake kai wa irin wannan matsalar ya warware mini ita da kalma biyu, shi ne a kwance.

Masu jinyar iyaye, da malamai, da duk wanda ya taɓa zama gefen katifar wanda yake ƙauna, don Allah ku gaya mini, wanne zan yi? Ƙaryar da za ta sa ya ci tuwo ta halatta, ko akwai yadda ake faɗin irin wannan gaskiyar mutum bai karye ba? Ku taimaka ku amsa kafin jibi Juma'a, don ran nan da zan fito ya riƙe bakin rigata, ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce, "Juma'a. Zo da sikeli."