Kalmomin Tsayar da Jini da Kaka Ya Bar Mini

Holne, Devon
9 ga Fabrairu, 1884

Zuwa ga Yayana Jabez,

Gaisuwa mai yawa, da addu'ar Ubangiji ya tsare ka a ramin kwal ɗin nan na Amurka. Mu duk lafiya, sai gwiwar Mama in an yi ruwa. Tumaki sun fara haihuwa.

Yaya, ka san Kaka Silas ne ke tsayar wa mutane jini. Kwana biyu kafin ya rasu ya kori kowa daga ɗakin, ya raɗa mini kalmomin sau uku. Ya ce namiji mace yake ba wa, mace kuma namiji na jininta, daga baki zuwa kunne, in an rubuta sun mutu. Ban nema ba. Ni da ko a coci ba na iya ɗaga kai, ina zan iya ce masa a'a?

Gwaggo Tabitha ta samo mini gurbin koyon ɗinki a birnin Exeter, kuma mai shagon ɗinkin ta ce zuwa bikin Ista kawai za ta jira ni, ba ƙari. To makon jiya gatari ya sari Enoch Mudge a cinya, matarsa ta zo a guje da ƙyalle jiƙe da jininsa. Na faɗi kalmomin a kan ƙyallen. Kafin ta isa gida jinin ya tsaya. Ko kalmomin ne, ko ɗaurin da suka yi masa, ban sani ba. Yanzu tsohuwa Hext na faɗa a shago wai jikar Silas za ta tafi yi wa matan birni kwalliya, su kuwa su tsiyaye kamar aladun Kirsimeti. Fasto ya ce camfi ne, in watsar. Mama ta ce likita mil tara yake, kuma dokinsa ba fiffike gare shi ba. Gaba kura, baya siyaki.

Kai kaɗai ne namijin da ya rage mana. Na san in ka dawo ka karɓi kalmomin don in samu in tafi, kai ma ka ɗauru a nan, shi ya sa na yi kwana huɗu ina kasa rubuta wannan. In ba za ka zo ba, kada ka lallashe ni. Ka faɗa kawai, in ce wa Gwaggo a ba wata yarinya gurbin. Ba zan riƙe ka a zuci ba.

Mama da Dorcas na gaishe ka. Ka gaida matarka Yaya Annis da jaririn.

Ƙanwarka,
Keziah