Hannun Hagun Lantana

Cadakori, Laraba, mako guda bayan mun gama kai hatsi rumbu

Zuwa ga ƙanena Inusa, malamin lakol, wato makarantar boko, a Gazawa.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Zainabu. Mu nan lafiya lau, damina ta yi kyau, rumbu biyu sun cika. Na rubuta da kaina, da ajamin da Baba ya koya mana, domin maganar ba ta kunnen kowa ba ce. In rubutun ya karkace ka yi haƙuri, ka san da wane hannu nake yi.

Inusa, abin da nake tsoro ya iso. Mai gari ya aiko cewa za a yi babban biki a Gidan Rumji cikin Disamba, na murnar ƙasa ta koma hannun 'ya'yanta. Kowane gari zai kai mai sana'a ɗaya ya yi aikinsa a fili, jama'a na kallo. Wasu maƙeri, wasu masaƙi. Mu Cadakori an ce Inna Tani mai ƙwarya za ta zana babban masaki, a ɗauke shi a kai Maraɗi.

Kai kaɗai ka san damina uku ke nan da farar yana ta rufe idon Inna. Cikin gida tana yawonta kamar kowa, ta san inda turmi yake, ta san inda randa take, amma ko wutar murhu sai dai ta ji zafinta. Duk ƙwaryar da ta fita gidan nan tun da mijina ya rasu na dawo, ni na zana ta a ƙuryar ɗaki, ina bin zanen Inna layi bayan layi. Ana saye ana cewa hannun Tani ba ya tsufa.

Ɗan aiken yana magana Inna ta miƙe wuya ta ce, "Ka ce mishi na jiya." Da ya fita na ce, "Inna, mi za mu yi?" Ta ce, "Ni dai ba a jana da sanda gaban mutane." Ta juya mini baya.

In ta je asirinta ya tonu a gaban duniya. In ba ta je ba mun kunyata gari. Kai ka san mutanen buro, ofishin gwamnati, ka samo mana takarda cewa ba ta da lafiya. Ba ni da wata dabara.

Jaye mai fataucin gyaɗa zai kawo maka wannan. Ka gaida Zainabu.

Yayarka,
Lantana, 'yar Tani mai ƙwarya

Gazawa, 9 ga Nuwamba 1960

Zuwa ga Yayata Lantana.

Bayan gaisuwa da girmamawa, takardarki ta zo, na karanta sau biyu. Rubutun ya fi nawa kyau, ki daina ba shi haƙuri.

Takardar buro kam ba zan samo ba. Kada ki zage ni tukuna, ki bari in ba ki labari.

Ranar kasuwar Gangara na je sayen ƙoƙo. A rumfar masu ƙwarya na tarar da wata Bafulatana mai nono ta sa mai kayan ya zazzage buhunsa duka, tana ɗaga ƙwarya tana ajiyewa. Mutumin ya gaji ya ce, "Baiwar Allah, duk aikin Tani ta Cadakori ne, ɗauki ɗaya ki ba ni wuri." Ta ce, "A'a, Tani biyu ce. Ta da, zanenta dama yake kwanciya. Ta yanzu, hagu yake kwanciya, kuma wuƙarta ta fi shiga. Ta yanzu nake so." Ta zaɓi uku, dukansu naki. Na tsaya da ƙoƙo a hannu kamar wawa, ina son in ce mata yayata ce, na haɗiye.

To Yaya, shekara uku kina ɓoye a bayan Inna, ashe mai nono ta daɗe da hango ƙafafunki.

Ga kuma laifina, gara in faɗa. Da na zo Sallah na ga sakainun da kike turawa ƙarƙashin rumbu, waɗanda kike zana zabi da zangarniyar hatsi in kin gama aikin sayarwa. Na saci ɗaya. Tana kan teburina a lakol. Duk wanda ya shigo sai ya ɗauka ya jujjuya ya tambayi mai ita, ni kuwa sai in kama tari. Na gaji da tarin nan.

Ki je wurin mai gari ki ce ke za ki zana masakin. Ki gaida Inna, ki ce mata autanta yana kewar tuwonta.

Ƙaninki mai biyayya, duk da bai yi biyayya ba,
Inusa

Cadakori, Asabar

Inusa,

Ina gaisuwa, ko da yake ba ka cancanta ba.

Kai da ke zaune kan kujera da alli a hannu, magana ba ta yi maka wuya. Ba kai aka doka da muciya ba duk lokacin da ka miƙa hannu ga akushi. Ba kai Gwaggo ta ɗaure wa hannun hagu da tsumma kwana bakwai ba. Har yau in na karɓi abu a kasuwa sai na tsaya na tuna wane hannu zan miƙa. Yanzu ka ce in zauna gaban sarakuna da malamai in ɗaga shi sama? Mai nononka kuma, da sunan Tani ta saya. Cire sunan ka gani ko za ta waiwaya.

Amma dai na je. Na durƙusa a zauren mai gari, na ce Inna bayanta ya matsa mata, ba ta iya dogon sunkuyo, in an yarda in zana a madadinta tana zaune kusa da ni. Ya dube ni ya ce, "Kin iya?" Na ce ina taɓawa. Ya ce, "Taɓawa za mu kai Gidan Rumji?" Fadawa suka yi dariya. Daga baya ya yarda, don ba shi da wata.

Ga shawarar da na yanke: da hannun dama zan yi, kuma zanen Inna zan yi, wanda kowa ya sani. Kwana goma ke nan ina gwadawa. Na ɓata ƙwarya shida, na ƙone yatsa biyu. Inna tana jin ƙaurin, jiya ta shafa ɗaya ta ce, "Wanga kaza ta yi shi?" Na shiga bayan rumbu na yi kuka.

Ka maido mini da sakainata, ɓarawo.

Lantana

Gazawa, 6 ga Disamba 1960

Yaya,

Gaisuwa da ban haƙuri. Maganar muciya gaskiyarki ce, ina nan aka yi, kuma ban manta ba.

Ba zan samu zuwa ba, an ɗora mini faretin 'yan lakol na nan a rana guda. Raina ya ɓaci ƙwarai. Abu ɗaya zan roƙe ki: ki tafi da hannuwanki duka biyu, kada ki bar ɗaya a gida.

Sakaina kuwa ba ta dawowa. Allah ya ba da sa'a.

Inusa

Cadakori, kwana uku bayan biki

Zuwa ga ƙanena Inusa.

Sallama da gaisuwa irin ta wanda ya sauke kaya. Zauna, takardar da tsawo.

Mun isa Gidan Rumji da hantsi, Inna a kan jaki, na yafa mata mayafi har goshi. Ban taɓa ganin mutane haka ba. Ganguna, tutoci, 'yan lakol, har jandarma sun sa sababbin kaya. An jera mu a gindin wata tsamiya, maƙerin Tibiri a damana, wani masaƙi a haguna. Aka ajiye mini kaskon garwashi da masakin. Inusa, da za ka shiga cikinsa ka zauna da ya ɗauke ka. Fari tas, babu ko tabo, kuma shi kaɗai ne.

Na sa wuƙar Inna a wuta har ta yi ja. Na ɗauka da dama, na yi bisimilla. Layin farko ya tafi daidai. Na biyu ma haka. A na uku mai shela ya zo kaina ya kwarara kirarin Inna, hannuna ya zame. Wuƙar ta ja baƙin layi tun daga baki har kusan gindi, a karkace, hayaƙi na tashi.

Na ji wata mata ta ce, "Wayyo, ta kashe shi." Mai gari ya rufe fuska da hannun riga. Inna ta matso ta ce a hankali, "Mi ya faru?" Wallahi na duba hanyar gudu.

Sai na sake duban layin. Ya ɗan lanƙwasa daga sama, kamar yadda karan hatsi ke yi in zangarniya ta yi masa nauyi. Na san wannan lanƙwasar, na yi ta fiye da sau ɗari a ƙarƙashin rumbu. Tsoron bai tafi ba, kada ka ce na ce ya tafi. Na maida wuƙar wuta, na goge tafina a zane, na ɗauke ta da hagu.

Wani ya ce, "Kai, bahaguwa ce!" Aka yi dariya. Ban ɗaga kai ba. Na sa wa karan zangarniya, na tsaya na yi mata ƙwaya ɗaya ɗaya. Na ja wani karan kusa da shi, na ja wani. Na sa zabi a gindinsu suna kiwo, ɗaya ta ɗaga kai tana hangen shaho. Ban san lokacin da dariyar ta mutu ba. Na dai lura maƙerin Tibiri ya daina bugu, ya zo ya tsuguna yana hura mini garwashi da kansa. Azahar ta wuce, inuwa ta juya. Da na kewaye masakin na dawo kan layin da ya ɓace, ni kaina sai da na neme shi.

Na shafa alli na goge, zanen ya fito. Guɗa ta tashi ta ko'ina. Mata suka yi ta turereniya. Mai garinmu, wanda ya rufe fuska ɗazu, yana ta faɗa wa na kusa da shi cewa shi ya zaɓe ni.

Mai shela ya ɗaga masakin ya fara, "Aikin gidan Tani..." Sai Inna ta ce, "Kawo shi nan." Ta yaye mayafin daga fuskarta, Inusa, a gaban kowa, idanun nan farare a buɗe. Ta ɗora masakin a cinya ta bi shi da yatsu, kara bayan kara, zabuwa bayan zabuwa. Ta daɗe. Sannan ta ɗaga murya ta ce, "Ku ji ni. Damina ukku ban ga rana ba. Duk ƙwaryar da kuka saya da sunana tun sannan, ɗiyata ta yi ta. Wanga kuwa ko da idona ban iya shi. Ka faɗi sunanta."

Ya faɗa. Sau uku ya faɗa. Na yi kuka har majina, ban ji kunya ba.

Da za mu tafi Inna ta ƙi mayafi. Ta kama kafaɗata muka ratsa taron, ana gaishe ta tana amsawa da sunan kowa. Na yi murna, Inusa, murnar da ban san akwai irinta ba. Da ma kana nan.

Ka riƙe sakainar, na yafe.

Yayarka,
Lantana

Cadakori, Juma'a

Inusa,

Gaisuwa. 'Yar gajeruwa ce, Jaye na tsaye a ƙofa.

Yau da safe Inna ta kira ni ɗaki, ta ciro wani ƙunshi daga ƙasan tukunyar kayanta. Wuƙar zane ce sabuwa, bakinta ya lanƙwasa ta wajen hagu. Ta ce tun daminar bara waccan ta sa Sabo maƙeri ya ƙera, bayan ta laluba sakainuna a ƙarƙashin rumbu. Na ce, "Inna, don mi ba ki ba ni ba?" Ta ce, "Na ji tsoron ranar da ba ki bukatar sunana."

Na gwada ta. Ta zauna a hannuna daidai.

In ka je Gangara ka nemi mai nonon nan, ka faɗa mata sunana. Ka daina tari.

Yayarka,
Lantana mai ƙwarya