Na Bar Giya, Aski Ya Gagare Ni

Malama, ki taimake ni da shawara, don abin da ke damuna in na faɗa wa mutanen gidana dariya suke yi.

Ban taɓa zaton zan rubuto wa fili irin naki ba, a da ina ganin aikin marasa abin yi ne. Na yi karatu mai zurfi, na yi shekaru ina zanen gine-gine a wani kamfani. Akwai benayen da har yau in na wuce ta gabansu nakan gane aikin hannuna. Da aka zo rage ma'aikata ni aka sallama, aka bar yaran da na koya wa riƙon fensir, saboda sun iya durƙuso da dariyar dole. Tun daga nan na daina yarda cewa ƙwarewa tana da rana a duniyar nan, kuma har gobe ban canja ra'ayi ba. Na kama giya, daga baya na haɗa da ƙwayar barci. Ba zan cika miki shafi da wannan ba, kin ji irinsa ya fi a ƙirga.

Yanzu dai na bari. 'Yata ta fari ce ta kai ni asibiti, likita ya raba ni da su a hankali, an kwashi watanni ban kurɓa ba. Malama, ashe ruwan sanyi yana da ɗanɗano. Ashe akwai tsuntsaye a bishiyar ƙofar gidanmu, ina gidan nan tun kafin a haifi auta ban sani ba. Hannuna ya daina rawa. Rannan na ja layi a bayan kwali ba tare da rula ba, ya fita sak, na zauna ina kallonsa kamar wawa. Uwargida ta daina zuba mini abinci a kwanon roba, ta fito da na tangaran. Jikokina da suke leƙo ni daga bakin ƙofa yanzu a kan cinyata suke faɗa.

Matsalar ita ce tun da na bari ban yi aski ba.

Mai askina abokina ne tun muna samari, ba wanda ya taɓa sa mini almakashi sai shi. A bayan shagonsa akwai wani ɗan ɗaki mai labule, da benci da tsohuwar firiji, a nan muke sha. Ya gama aski, ya kakkaɓe mini wuya, ya ɗaga labulen da gwiwar hannu, shi ke nan. Ban taɓa tashi daga kujerar nan na nufi ƙofar waje ba. Ko ƙamshin man da yake shafa mini bayan aski na tuna, sai in ji maƙogwarona ya bushe.

Kada ki ɗauka mugu ne. Lokacin da abokan ofis suke tsallaka titi in sun hango ni, shi ne yake kirana Injiniya da ƙarfi don kowa ya ji. Ya sha goyo ni zuwa gida. Da ƙanena ya rasu, rufe shago ya yi ya zauna da ni. In na kai kaina wani shago, kafin gashin ya taɓa ƙasa labari ya je masa, kuma a wurinsa gara a zage shi. Yanzu ta bayan layi nake zagayawa don kada ya gan ni. Ya aiko mai facin taya ya tambaye ni ko gasar kiwon suma na shiga, wai in na ci in tuna da shi. Na yi dariya, daga baya abin ya tsaya mini a rai.

Surukina ya sayo mini injin aski, yana nan a kwalinsa. Uwargida ta ce hulata ta kusa kai ƙarata. 'Yata ta ce in na sake taka shagon nan ta cire hannunta. Ba na son in koma, ba na kuma son in yar da mutum ɗaya da bai yar da ni ba. Yaya zan yi?

Mai Suma

Baba Mai Suma, barka da arziki. Abin da ka yi ba ƙaramin abu ba ne, kuma na ji daɗin karanta wasiƙarka.

'Yarka tana da gaskiya, kada ka je shagon. Sabo turken wawa ne, naka kuma a jikin kujerar nan da labulen nan yake ɗaure. Ƙafarka ta san hanyar ɗakin baya tun kafin kanka ya yi shawara, kada ka gwada ƙarfinka da ita yanzu.

Amma kai ma kana da gaskiya, mutum irin wannan ba a samunsa a kasuwa. Inda ka yi kuskure shi ne ɓuya. Daga wasiƙarka na fahimci ba ka faɗa masa dalili ba. Shi abin da yake gani kawai, ka gyaru sai ka fara zagaye shi kamar yadda abokan ofis suka yi maka. Saƙon da ya aiko, cigiya ce a cikin rigar tsokana. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa.

Ka kira shi da kanka, ba ta bakin mai faci ba. Ka ce masa ka bari, likita yana duba ka, kuma shagon ne ba za ka iya shiga ba, shi kam yana nan a matsayinsa. Sannan ka roƙe shi ya zo gida ya yi maka askin da safe, kafin ya buɗe shago. A ajiye kujera a tsakar gida, uwargida tana kusa, a kawo shayi. Ka sayi wani man daban, nasa ya bar shi a can. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ka faɗa masa tun a waya: ba kwalba, ba warinta. Ka sanar da 'yarka kafin ya zo, kada ta ji a bakin wani.

Kada ka yi masa wa'azi, ganinka ya isa. In ya tambayi yadda ka yi, ka nuna masa hanyar likitan, ka gargaɗe shi kada ya yanke lokaci ɗaya shi kaɗai, don hakan yana da haɗari. In kuma ya ƙi zuwa, ko ya zo da abin da ka hana, ka fita hakkinsa. Sai ka buɗe kwalin surukinka, gaisuwa kuma ta ci gaba a waya.

Bushewar maƙogwaron nan ka faɗa wa likitanka, ka tambaye shi ko akwai zaman da masu irin tafiyarka suke yi. Kana bukatar abokai fiye da ɗaya. Batun kamfani kuwa, an cuce ka, ban musa ba, amma sun ci shekarunka da yawa, kada ka ƙara musu.

Ka kira shi a makon nan, Baba. Allah ya ƙara lafiya da ƙarfin zuciya, ya dawwamar da farin cikin gidanka, ya kuma sa abokinka ya amsa gayyata.